Babi na Huɗu: Su Wane Ne "Samarin Turkawa"?

Me ya haɗa rikicin jam'iyya a Nairobi ko Delhi ko Legas da Turkawa? Duk mai duba jaridun Turanci ya taɓa yi wa kansa wannan tambaya. Da zarar wasu 'yan majalisa masu jini a jika sun fara ɗaga wa dattawan jam'iyyarsu murya, suna cewa a sake lale, sai ka ga an buga cewa "Young Turks" sun tayar da ƙayar baya. Ma'anar laƙabin ita ce Samarin Turkawa. Amma mutanen da ake nufi ba Turkawa ba ne, galibinsu ba su taɓa taka ƙasar Turkiyya ba, wasu ma furfura ta riga ta yi musu sallama. To daga ina sunan ya fito, kuma yabo ne ko zagi?

Wa ake kira da sunan a yau

Ba kowane mai ƙorafi ake laƙaba wa wannan suna ba. Ɗan adawa yana waje ne yana jifa. Ɗan tawaye ya ɗauki makami ya shiga daji. Su kuwa waɗannan galibi 'yan gida ne. Suna cikin jam'iyya, ko rundunar soja, ko kamfani, suna cin albashinsa, suna sanya rigarsa, amma sun gaji da yadda manya ke tafiyar da shi, kuma ba su da haƙurin jira sai Allah ya kawo lokacinsu. Abin ya yi kama da gidan gandu inda 'ya'ya suka girma, suka ga gonar na neman lalacewa a hannun maigida. Ba sa son a raba gandun, ba sa son barin gidan, so suke a miƙa musu ragamar noman tun tsoho na da rai. Kuma galibi ba a kiran mutum ɗaya da sunan sai yana da abokan tafiya. Laƙabi ne na gungu.

Daular da aka ce ba ta da lafiya

Kafin mu ci gaba, a kula da abu ɗaya. In Bahaushe ya ji "Daular Usmaniyya" zuciyarsa Sakkwato take tafiya, wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wadda muke magana a kanta daban ce. Ita ce daular Turkawa wadda wani Usman ɗin ya kafa wajen shekarar 1300, wadda ta ci birnin Kustantiniyya a 1453, birnin da kakanninmu ke kira Santambul. Ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu, don tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya yi musayar wasiƙu da sarkinta. A zamanin ƙarfinta ta riƙe Makka da Madina da Ƙudus da Masar da Bagadaza da babban yanki na gabashin Turai.

Zuwa ƙarni na 19 abubuwa sun juya. Girka ta ɓalle, Faransa ta kama Aljeriya a 1830, Rasha na ta gutsurar ƙasa daga arewa. Turawa suka riƙa kiranta maras lafiyar Turai. Sarakunan ba su naɗe hannu ba: daga 1839 aka shiga gyare-gyaren da ake kira Tanzimat, aka sake fasalin soja da kotuna da haraji, aka buɗe makarantu irin na zamani. Sai dai gyaran ya ci kuɗi, yaƙe-yaƙe sun ci fiye da haka, kuma bashin bankunan Turai aka riƙa ciwowa. A 1875 gwamnati ta kasa biyan bashin yadda aka yi alkawari. A 1881 aka kafa hukuma ta musamman a Santambul, wadda masu bin bashi ke juya ta, tana karɓar harajin gishiri da taba da wasu kayayyaki kai tsaye. Matashin da ya yi karatu ya ga haka, dole ransa ya ɓaci.

Yadda "samari" ya shiga sunan

Ba Turkawa ne suka ƙirƙiro salon ba. A 1831 wani ɗan kishin ƙasar Italiya, Giuseppe Mazzini, ya kafa ƙungiyar asiri a Marsai ya sa mata suna Matashiyar Italiya. Sunan ya yi farin jini, aka samu irinsa a Jamus da Folan da Ailan. A wancan zamani, in aka ce "matashiya" ana nufin ƙasar da za a sake haifa, ba shekarun mambobi kaɗai ba.

A 1865 wasu ma'aikatan gwamnati da marubuta a Santambul suka kafa tasu ƙungiyar. Fitacce a cikinsu shi ne marubuci Namik Kamal. Suna kiran kansu Sababbin Usmaniyawa, suna neman tsarin mulki da majalisa, kuma hujjarsu daga Musulunci suke ɗauko ta: shawara, wato shura, wajibi ce a kan shugaba. Da aka matsa musu suka gudu Faris da Landan, a can jaridun Faransa suka riƙa kiransu Matashiyar Turkiyya, domin a idon Bature duk wanda ya fito daga wannan daula Baturke ne. Daga bakin Faransawa sunan ya koma harshen Turkanci, ya bi ƙarni na gaba na 'yan gwagwarmaya. Wato sunan na aro ne tun farko, baƙi ne suka raɗa shi.

Sarki Abdulhamid

Burin waɗancan na farko ya kusa cika. A 1876 Sarki Abdulhamid na Biyu ya hau gado, kuma a watan Disamba na shekarar aka yi shelar tsarin mulki, wanda waziri Midhat Pasha ya tsaya a kansa. Majalisa ta zauna a 1877. Ba ta daɗe ba. Rasha ta kawo yaƙi, ta kai har bakin Santambul, sai Sarki ya sallami majalisar a watan Fabrairun 1878, ya ajiye tsarin mulkin a gefe. Shekara talatin bai sake kiranta ba. Midhat kuwa aka yi masa shari'a, aka kai shi kurkuku a Ɗa'ifa, can aka kashe shi a 1884.

Musulmi da yawa a yau suna ganin girman Abdulhamid, kuma suna da dalili. Shi ya gina hanyar jirgin ƙasa daga Dimashƙu zuwa Madina don sauƙaƙa wa alhazai, da gudummawar Musulmin duniya, ta isa Madina a 1908. Shi ne kuma ya ƙi amsa buƙatar Theodor Herzl, jagoran masu neman kafa ƙasar Yahudawa, ta ba Yahudawa Falasɗinu a madadin sauƙaƙa masa bashi. Ya riƙe daular da dabara a lokacin da kuraye suka kewaye ta. Amma mutumin nan ɗaya ne ya kulle kansa a fadar Yildiz, ya baza 'yan leƙen asiri a ko'ina, har ta kai ma'aikaci na samun ƙarin girma ta hanyar kai gulmar abokin aikinsa fada. Jaridu ba sa fita sai an tace su. In an kashe wani sarki ko shugaba a Turai, sai a rubuta cewa rashin lafiya ce ta ɗauke shi, don kada wani ya koyi darasi. A zamaninsa ne kuma, tsakanin 1894 da 1896, aka yi wa Armeniyawa kisan gilla a gabashin ƙasar. Duka fuskokin biyu nasa ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne aikin hannunsa. Ya yawaita makarantun soja da na likitanci da na aikin mulki, ya shimfiɗa wayar tangaraho har lunguna. Makarantun suka yaye matasa masu jin Faransanci, masu karanta littattafan da aka haramta a ɓoye. Tangarahon kuma ya zama hanyar da za su haɗa kai.

Ɗalibai huɗu, babu Baturke

A 1889, shekara ɗari cif bayan juyin juya halin Faransa, ɗalibai huɗu a makarantar likitocin soja ta Santambul suka kafa ƙungiyar asiri. Ibrahim Temo ɗan Albaniya ne. Abdullahi Jaudat da Is'haƙ Sukuti Kurdawa ne. Muhammad Rashid Basarkashe ne, daga mutanen Kaukasus. Ka ga ke nan waɗanda suka dasa harsashin Samarin Turkawa babu Baturke a cikinsu. Abin da ya haɗa su shi ne son a ceci daular kafin ta wargaje. A riƙe sunan Muhammad Rashid, za mu sake haɗuwa da shi.

Ƙungiyar ta tsara kanta cikin ƙananan rukunoni, kowa bai san kowa ba sai 'yan kaɗan. Daga baya ta ɗauki sunan Ittihad wa Taraƙƙi, wato Haɗin Kai da Ci Gaba. A Faris, Ahmad Riza ya zama muryarta, yana buga jarida daga 1895 ana shigo da ita ƙasar a ɓoye. Sai ga wani abin mamaki: ɗan 'yar'uwar Sarki, Yarima Sabahuddin, shi ma ya gudu Turai ya shiga sahu.

Nan rikicin ya fara bayyana. A taron da suka yi a Faris a 1902 suka rabu biyu. Sabahuddin na son a sassauta wa larduna su riƙa tafiyar da al'amuransu, kuma ɓangarensa bai ƙi neman taimakon manyan ƙasashen Turai ba. Ahmad Riza na son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, kuma ya ce ko kusa kada baƙo ya sa hannu. Abu ɗaya kawai suka yarda a kansa, shi ne Abdulhamid ya yi yawa. Abin da za a yi bayan an kawar da shi, babu wanda ya daidaita da wani.

Yulin 1908

Ba 'yan gudun hijirar Faris ne suka yi juyin ba. Rubutu suka iya. Waɗanda suka yi aikin ƙananan hafsoshi ne a Makadoniya, masu fama da 'yan sari-ka-noƙe na Bulgeriya da Girka da Sabiya a cikin duwatsu, albashinsu na makara, suna kallon jami'an Turai na shigowa sa ido a kan lardin. A birnin Salonika wani ma'aikacin gidan waya mai suna Talat da abokansa suka kafa tasu ƙungiyar a 1906, suka haɗe da ta Faris a 1907.

A watan Yunin 1908 Sarkin Ingila da Sarkin Rasha suka gana a birnin Reval, sai jita-jita ta bazu cewa rabon Makadoniya suka je yi. Ranar 3 ga Yuli wani hafsa, Ahmad Niyazi, ya kwashi makamai da kuɗi daga bariki ya hau dutse da mutum kimanin 200. Wani matashin hafsa mai shekara 26, Anwar, shi ma ya hau dutse. Sarki ya aiko janar Shamsi Pasha ya murƙushe su, aka harbe shi da rana tsaka a garin Manastir. Sojojin da aka kawo daga Anatoliya suka ƙi harbin 'yan'uwansu. Saƙonnin tangaraho suka yi ta kwarara fada daga garuruwa, kowanne na cewa a dawo da tsarin mulki. Ranar 24 ga Yuli jaridu suka fito da sanarwar cewa Sarki ya amince.

Murnar da aka yi ba ƙarama ba ce. A titunan Salonika da Santambul da Bairut an ga limamai da fada-fada da malaman Yahudawa suna rungumar juna. 'Yan bindiga suka sauko daga duwatsu. Taken da aka riƙa ɗagawa kalmomi huɗu ne da duk almajiri zai gane, don daga Larabci suke: hurriyya, musawa, ukhuwwa da adala, wato 'yanci, daidaito, 'yan'uwantaka da adalci. A watan Disamba majalisa ta buɗe da Turkawa da Larabawa da Albaniyawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa, Ahmad Riza na shugabanta. Shekararsa hamsin a lokacin, saurayin ke nan.

Wannan hoton ne jaridun duniya suka ɗauka: samari marasa tsoro sun durƙusar da tsohon sarki ba tare da zubar da jini mai yawa ba. A nan ma'anar laƙabin ta daskare. Abin da ya biyo baya bai shiga cikinta ba.

Bayan murna

Ba a yi wata uku da juyin ba Bulgeriya ta yi shelar cin gashin kanta, Ostiriya ta haɗiye Bosniya. A watan Afrilun 1909 sojoji da ɗaliban addini suka yi bore a Santambul, rundunar Salonika ta zo ta kashe wutar, aka tuɓe Abdulhamid ranar 27 ga watan, aka ɗora ƙanensa Muhammad Rashad, sarkin da ba shi da ta cewa. A 1911 Italiya ta faɗa wa Libiya. A yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913 daular ta rasa kusan duk abin da ya rage mata a Turai, har da Salonika, mahaifar juyin. Dubban ɗaruruwan Musulmi 'yan gudun hijira suka kwararo Anatoliya da labaran abin da aka yi musu. Daga nan zancen 'yan'uwantakar kowa da kowa ya fara mutuwa a zukatan shugabannin, kishin Turkanci ya maye gurbinsa.

Su da suka yi yaƙi don a yi zaɓe, zaɓen 1912 da suka gudanar har yau ana kiransa zaɓen kulki, saboda dukan da 'yan hamayya suka sha. Ranar 23 ga Janairun 1913 Anwar ya jagoranci 'yan bindiga suka kutsa ofishin waziri, aka harbe ministan yaƙi Nazim Pasha, aka tilasta wa gwamnati murabus. Mulki ya tattara a hannun jam'iyya ɗaya, da mutum uku a gaba: Talat, Anwar da Jamal.

Ba za a ce ba su yi komai ba. Sun faɗaɗa karatun 'ya'ya mata har zuwa jami'a, sun soke gatan da baƙi Turawa ke da shi na kauce wa haraji da kotunan ƙasa. Amma su ne suka jefa daular cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya a ɓangaren Jamus a 1914. Anwar ya kai runduna duwatsun Sarikamish cikin tsananin hunturu, dubun dubata suka mutu, da yawansu sanyi da cuta ne suka kashe su. Ranar 24 ga Afrilun 1915 aka kame manyan Armeniyawa a Santambul, sannan aka kwashe al'ummarsu daga garuruwansu aka kora su zuwa hamadar Sham. Ƙiyasin waɗanda suka hallaka ya kama daga 600,000 zuwa fiye da miliyan ɗaya. Mafi yawan masana tarihi da ƙasashe da dama suna kiran abin kisan ƙare dangi. Gwamnatin Turkiyya ta yarda an yi mace-mace masu yawa, amma ta ƙi amincewa da wannan suna. Gwamnan Diyarbakir a wancan lokaci, wanda lardinsa ya yi ƙaurin suna wajen kisan, shi ne likita Muhammad Rashid, ɗaya daga ɗaliban nan huɗu na 1889. An kama shi bayan yaƙi, ya tsere, ya kashe kansa a 1919.

A Sham, Jamal ya rataye 'yan kishin Larabawa a Bairut da Dimashƙu a 1915 da 1916, abin da ya ƙara wa tawayen Sharif Husaini na Makka ƙarfi. Da aka sha kashi a 1918, su ukun suka tsere cikin dare a jirgin ruwan Jamus. Wani matashi Ba'armeniye ya harbe Talat a Balin a 1921, aka harbe Jamal a Tibilisi a 1922, Anwar ya mutu a fagen fama da sojojin Rasha a ƙasar da yau ake kira Tajikistan a 1922 ɗin. Shekara goma kacal tsakanin rungumar juna a titi da gudun dare. Mustafa Kamal, haifaffen Salonika wanda shi ma ya taɓa zama ɗan ƙungiyar, shi ya kafa Jamhuriyar Turkiyya a 1923, ya soke halifancin gidan sarautar Usmaniyya a 1924.

Sunan ya yi tafiyarsa

Duk wannan bai hana laƙabin yawo ba, kuma kusan kullum da ma'anar yabo ko zolaya. A Amurka, a Janairun 1965, wasu matasan 'yan majalisar wakilai na jam'iyyar Republican, ciki har da Donald Rumsfeld, suka kayar da tsohon jagoransu Charles Halleck da ƙuri'a 73 da 67, suka ɗora Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A Indiya, Chandra Shekhar da Mohan Dharia da Krishan Kant sun samu sunan a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da suka matsa wa dattawan jam'iyyar Congress lamba a mayar da manyan bankuna hannun gwamnati, abin da Firaminista Indira Gandhi ta yi a 1969. Ita ɗin ce kuma ta ɗaure Chandra Shekhar a 1975, duk da jam'iyyarsu ɗaya. A Tailan wasu hafsoshi masu wannan laƙabi sun yi yunƙurin juyin mulki a 1981 bai yi nasara ba. A Kenya kuwa, Raila Odinga da James Orengo da Paul Muite da Gitobu Imanyara na cikin waɗanda aka kira haka, sa'ad da suka tsaya tare da dattawa irin su Jaramogi Oginga Odinga har Shugaba Moi ya soke dokar jam'iyya ɗaya a Disambar 1991.

Mu nan Arewa ba mu buƙaci aron sunan ba, namu muka raɗa. Matasan da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 'yan Sawaba aka kira su. Wajen 1980, da gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka saɓa da uwar jam'iyyar PRP ƙarƙashin Malam Aminu Kano, sai aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo. Abin lura shi ne, Malam Aminu da ya kasance saurayin da ya addabi sarakuna a 1950, shi ne dattijon da aka yi wa bore bayan shekara talatin.

To yabo ne ko zagi? A bakin ɗan jarida galibi yabo ne mai ɗan gatse. A kunnen Ba'armeniye kuwa suna ne na waɗanda suka hallaka kakanninsa, shi ya sa Armeniyawan Amurka suka daɗe suna sukar wani shirin siyasa na intanet da ya ɗauki wannan suna tun 2002. A ganina ɗan siyasar da aka kira shi haka har ya ji daɗi, labarin Yulin 1908 kaɗai ya sani.

Samarin Turkawa sun ɗauko yawancin tunaninsu daga Faransa, kuma can za mu nufa. A babi na gaba za mu shiga zauren majalisar Faransa ta 1789, mu ga yadda wurin zaman wakilai, wasu a hagun shugaba wasu a damansa, ya haifar da rabuwar 'yan hagu da 'yan dama da siyasar duniya ke amfani da ita har yau.